Maganin ƙishin giya da tsarin shansa

 

Zan yi magana ne a kan abin da ba mu son faɗa a zaure. Tun daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har ƙauyukanmu da ke bakin magudanan ruwan Jazira, an san mu da karatu da noma. Amma akwai gidajen da giya irin su araƙi da marisa suka shiga. A 1983 shugaban ƙasa Numairi ya hana giya, aka tuttular da ita a kogin Nilu a Khartum, sai ta koma bayan ɗaki. Mashayi ya ɓuya, iyalinsa ma suka ɓuya da shi, suna neman magani a asirce. Wannan asirin shi ya kawo ni nan.

Wata baiwar Allah ta taɓa tambayata ƙwayar da za ta niƙa wa mijinta a miya ba tare da ya sani ba. Na gane wadda take nufi: disulfiram, da ake sayarwa da sunan Antabuse, wadda likitocin Danmak suka gano amfaninta a wajajen 1948. Ita ba ta kashe ƙishin giya. Abin da take yi shi ne hana hanta kammala narkar da barasa, gubar ta taru a jini, fuska ta yi zafi, zuciya ta yi ta bugawa, amai ya zo, jini ya faɗi. Mai ciwon zuciya yana iya mutuwa. Ƙarfinta kan kai mako biyu bayan an daina, kuma ba ta jituwa da Flagyl, wanda kusan kowane gida yana ajiye da shi don ciwon ciki. Na ce mata, yaya, wanda bai sani ba zai sha kamar kullum, ke ce za ki ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a ba da ita sai da sani da yardar mai sha.

Masu rage ƙishin da kansa biyu ne aka fi sani. Na farko naltrexone, miligiram 50 sau ɗaya a rana, wanda Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1994. Yana toshe daɗin da ƙwaƙwalwa ke samu daga giya. Sharaɗinsa biyu, kuma duka biyun sun shafe mu. Dole mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa tiramol ko kodin ko danginsu ba. In ya ɓoye, ya haɗiyi ƙwayar, cikin ɗan lokaci zai shiga gumi da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi mai tsanani. Ku dubi yawan samarinmu da ke shan tiramol don su jure aikin gona. Sai kuma hanta. Mu mutanen ruwan ban-gona ne tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, kuma tsargiya mai kama hanji da hanta ta daɗe a Jazira. Ga ciwon hanta na jini, ga giya a kai. Hanta irin wannan sai an auna jini kafin a ɗora mata magani.

Na biyu acamprosate. Shi ƙoda ke fitar da shi, don haka ya fi sauƙi ga mai raunin hanta. Ƙwaya biyu masu miligiram 333, sau uku a rana, ga wanda ya kai kilo 60. Wanda bai kai ba, ko ƙodarsa ta yi rauni, likita zai rage masa. In ta lalace sosai, ba a ba shi sam.

Kada kuma a ɗauka tuba na dare ɗaya ba shi da haɗari. Wanda ya shekara yana sha kullum, in ya yanke kwatsam, jiki kan fara rawa cikin yini guda, farfaɗiya na iya biyowa, a kwana na biyu ko na uku ya riƙa ganin abin da babu. Mu sai mu ce iskoki ne. A yi addu'a, amma a kai shi asibiti, inda za a kwantar da jikin da diazepam a ƙarƙashin kulawa, a ba shi bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyi ukun da na lissafa a baya ba sa maganin wannan halin.

Na san yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa asibitocin birnin Madani, magani ya yi wuya, ana sayen abin da aka samu a hannun kowa. Roƙona gare ku, malamai da iyaye: ku raka ɗanku wurin likita, ku bar shi ya faɗi gaskiyar abin da yake sha da adadinsa, ba tare da an kunyata shi ba.