Mudu Ɗaya Ran Lahadi da Ran Kasuwa: Halin Mai Bi da Alkawarin Allah

 

Batun da aka ɗora mini mai rassa biyu ne: halin Kirista na yau da kullum, da dogararsa ga alkawuran Allah. Abin da na zo in nuna shi ne rassan nan biyu gindinsu ɗaya. Tsoron gobe ne yake sa mutum ya tauye mudu. Wanda ya gaskata cewa gobensa tana hannun Mai cika alkawari, shi ne yake iya cika mudu har ya yi tozo, hankalinsa kwance.

Abin da na gani a ɗakin mahaifiyata

Zan fara daga gida. Mahaifiyata hatsi take sayarwa a kasuwar ƙauyenmu. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san akwai masu ajiye mudu biyu, babba na saye daga hannun manomi, da wani wanda aka bubbuga gindinsa ya shiga ciki, na sayar wa mabukaci. Ita mudunta ɗaya ne, har bakinsa ya sha hannu ya yi santsi. Saboda haka matan unguwa, Kirista da Musulmi, suka naɗa ta uwar adashi. Ran kasuwa da yamma kowace ta kawo zubinta, sai ta ƙirga, ta ƙulle a tsumma, ta sa cikin kwalla ta tura ƙarƙashin gado.

Ina aji biyu na sakandare aka koro ni gida saboda kuɗin makaranta. A lokacin kwallar nan cike take, saura kwana tara a kwasa. Na san abin da ke ciki, na kuma san ya ishe ni. Da dare na durƙusa na ce, "Mama, ki ara mini, kafin ranar kwasa Baba zai sayar da gyaɗa a mayar." Ta daɗe tana dubana cikin hasken fitilar ƙwai. Ta ce, "Ɗana, abin da ke cikin kwallar nan ba nawa ba ne. Wanda ya ba ni kai bai manta da karatunka ba." Ta kama hannuna ta yi addu'a, ta ce in je in kwanta.

Ba wani abin al'ajabi da ya faru washegari. Mako uku na yi ina bin Baba gona. Gyaɗa ta bushe, aka kai kasuwa, na koma makaranta a makare, na sha wuyar kamo darasi. Raina ya ɓaci a lokacin. Sai da na girma na gane cewa a daren nan na ga bangaskiya ido da ido. Maganganu biyu ta yi mini, ɗaya a kan amana, ɗaya a kan Allah, kuma ta biyun ce ta riƙe ta farkon.

Inda hali yake tsagewa

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Tun kafin mu shiga ajin tauhidi iyayenmu sun koya mana siffofin mutumin kirki: gaskiya, amana, haƙuri, kunya, mutunci, karamci. Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, ya tarar da waɗannan kalmomi a bakinmu, ya kuma cika su da nauyi. A Maimaitawar Shari'a sura 25 an haramta wa mutanen Allah ajiye ma'auni iri biyu a gida ɗaya. Wasiƙar Yakubu kuwa ta ɗauki bangaskiyar da ba ta haifar da aiki a matsayin gawa.

To me ya sa mutum yana sane da duk wannan, yana rera waƙa ran Lahadi, amma ran Litinin ya ɓoye fayil sai an ba shi na goro? Ku dubi Ibrahim. Yana da shekara 75 Allah ya kira shi ya yi masa alkawarin zuriya, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Cikin shekarun nan 25 na jira, Littafin Farawa bai ɓoye mana tuntuɓensa ba. Da yunwa ta kora shi Masar, ya ji tsoron za a kashe shi saboda matarsa Saratu, sai ya ce 'yar'uwarsa ce. Mutumin da aka yi wa alkawarin zama uban al'umma ya ji tsoron mutuwa tun bai haihu ba. A daidai inda dogararsa ta yi rauni, a nan gaskiyarsa ta tsage. Allah bai yashe shi ba, ya tashe shi ya ci gaba da tafiya da shi, har aka kira shi uban masu bangaskiya. Wannan ta'aziyya ce ga duk wanda ya taɓa faɗuwa a cikinmu.

Ku dubi Yusufu kuma. Yana da shekara 17 lokacin mafarkansa da ƙiyayyar 'yan'uwansa, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Tsakanin nan ya yi bauta a gidan Fotifar, ya yi zaman kurkuku a kan laifin da bai aikata ba. Abin lura shi ne duk inda aka jefa shi, sai a wayi gari makullan wurin suna hannunsa. Fotifar ya danƙa masa gidansa, yari ya danƙa masa fursunoni, Fir'auna ya danƙa masa rumbunan ƙasa. Wuri yana sākewa, tufafi suna sākewa, mutumin yana nan yadda yake. Ranar da matar maigidansa ta neme shi ba kowa a gidan, amma shi ya san akwai Mai gani.

Gonar da aka saya ana cikin yaƙi

Ina so mu ɗan daɗe a kan Irmiya sura 32. Rundunar Babila ta kewaye Urushalima. Annabi Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara bisa umarnin sarki, domin ya faɗi gaskiyar da fada ba ta son ji, cewa birnin zai faɗi. Ana cikin haka sai ga Hanamel, ɗan baffansa, ya zo yana tallar gona a Anatot, garinsu. Ku yi tunani, wa zai sayi gona a ƙasar da abokan gaba suka riga suka tattake? Irmiya ya saya, domin Allah ya yi alkawari cewa wata rana za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar.

Yadda ya yi cinikin shi ne darasinmu. Ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni. Ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, aka yi kwafi biyu, ɗaya a like da hatimi, ɗaya a buɗe. Ya miƙa wa Baruk a gaban jama'a, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Mutum ne a tsare, a birnin da ke gab da rushewa, kotun da za ta duba takardar ma ba za ta wuce baɗi ba. Duk da haka bai ce ai zamani ya lalace, kowa tasa ta fisshe shi ba. Ya biya cikakke, ya bi ƙa'ida daki-daki. Wanda ya gaskata akwai gobe a wurin Allah, shi ne yake kiyaye gaskiya ko a ranar da doka ta kwanta.

Manomanmu sun san wannan sarai, sun kuma ba shi suna: binne. Ƙarshen bazara, rumbu ya yi ƙasa, yara suna kallon ɗan irin da ya rage, sama ba ko ɗigo. Manomi ya ɗauki irin nan da zai iya zama tuwon kwana uku, ya fita da sungumi ya binne shi cikin busasshiyar ƙasa. Bai ga ruwa ba tukuna, amma ya san Mai ruwa. Kowace gaskiya da ka faɗa ta jawo maka asara, kowace toshiya da ka mayar, binne ce.

Shaidu daga ƙasarmu

Ikilisiyar Arewa kanta da irin wannan binne aka kafa ta. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashenmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sāke zuwa a 1900, ciwo ya sāke mayar da shi. Sai a 1902 mishan ɗinsu ta SIM ta sami wurin zama a Patigi. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Gowans da Kent ba su ga majami'a ko ɗaya ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta faro a gindin tsamiya a Garkida a 1923. A zamaninmu ta sha wuyar da baki ba zai iya faɗa ba. Mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos. Da wannan ikilisiya ta ce za ta rama, da yawa za su ce tana da hujja. Ta riƙe koyarwarta ta salama. 'Ya'yanta suna cikin waɗanda suka kafa matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, inda 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi suke zaune tare. A 2023 ta yi bikin cika shekara 100.

A watan Janairu 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN kuma shugaban CAN na Michika. Da yawanmu mun ga hoton bidiyon da aka ɗauke shi a hannun masu tsare da shi. Fuskarsa a natse, ya roƙi iyalinsa da abokan hidimarsa kada su yi baƙin ciki, su gode wa Allah. A cikin watan aka kashe shi. Abin da ya yi shekaru yana wa'azinsa a kan bagade, shi ya faɗa a bakin mutuwa.

Gyara biyu

Mutuwar wannan bawan Allah ta tilasta mana gyara fahimta. Akwai wa'azin da ya yaɗu yau, mai cewa alkawarin Allah mota ce da gida da lafiya marar yankewa, wanda bai samu ba kuwa bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan koyarwa tana haifar da masu haɗama, domin wanda aka gaya wa dole ya yi arziki bana, in bai samu ta hanyar gaskiya ba zai nema ta bayan gida, ya zo ya ba da shaida a coci. Ibraniyawa sura 11 ta lissafta waɗanda aka cece su daga takobi da waɗanda takobi ya ci, ta yabi bangaskiyarsu duka. Abin da Ubangiji Yesu ya yi mana alkawari shi ne gafarar zunubi, kasancewarsa tare da mu kullum, da tashi daga matattu. Waɗannan ba wanda ya isa ya ƙwace su.

Gyara na biyu: dogara ga Allah ba ta hana zufa. Mahaifiyata ta yi addu'a, Baba kuma ya cire gyaɗa. Irmiya ya gaskata, ya kuma ƙirga azurfa. Allah ya ce tashi in taimake ka, kamar yadda iyayenmu suke faɗa.

Kira

Malam, ɗalibin da bai ci ba kada ka ba shi maki don ɗan cocinku ne. Ma'aikaci, fayil ɗin gwauruwar da ke bin haƙƙin mijinta ya wuce teburinka ba tare da ta buɗe jaka ba. 'Yar kasuwa, wadda ta aiko ƙaramin yaro awo ta sami abin da za ta samu da ta zo da kanta. Iyayenmu limamai da ma'aji, ku karanta lissafin baiko a gaban jama'a, kowane kwabo da inda ya shiga. Matasa, labarin da ba ku tabbatar ba kada ku tura shi a WhatsApp ko Facebook, ko da ya yi wa ɓangarenmu daɗi, domin mun ga garuruwan da jita-jita ta ƙone. Wanda kuma ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa, ya tuna da Zakka na Yariko, wanda tubansa ya kai har aljihu, ya mayar ninki huɗu.

Maƙwabcinka mai yiwuwa ba zai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, amma kullum yana karanta cinikinka, da bashin da ka ci, da yadda kake magana da matarka. Kyan alkawari cikawa, Allahnmu kuwa bai taɓa saɓa nasa ba. Saboda haka ina roƙonku, 'yan'uwana, kowa ya koma gida yau ya duba mudunsa. In biyu ne, ya fasa ɗaya. Ubangiji ya ba mu ƙarfin jira da gaskiya har ranar girbi.