Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Kuturta



Kuturta ba gado ba ce, ba kuwa sammu ba. Wata ƙwayar cuta ke kawo ta, wadda Likita Hansen na ƙasar Norway ya gano a 1873. Takan soma da tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, in an shafa masa auduga kuwa mai shi ba ya ji. A sa'an nan ne magani ya fi amfani. In aka yi sakaci har ta ci jijiya, sai hannu da ƙafa su daina ji, wuta ta ƙona mutum bai sani ba, daga nan yatsu su lalace.

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuwa kyauta ake ba da su. Akan sha wata 6 ko 12. Wanda ya kama sha ya daina sa wa jama'a.

Amma kunya ke sa mutane ɓuya. Ɗakin shan maganin da ke duba mutum a keɓe, ya saurare shi, ya rufa masa asiri, shi ne jama'a ke komawa har su ƙare magani. Saboda haka lalle hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa kada a kori mai tabo daga gida ko kasuwa, sai dai a raka shi asibiti. Malamai kuma su karanta wa jama'a wannan ran kasuwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.