Neman Kakanninmu da Ke Kwance a Ƙarƙashin Tafkin Kainji



Aikin rijiyoyi ne ya kai mu ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Muna cikin rubuta sunayen magidanta, sai wata tsohuwa ta ce, "'Ya'yana, takardarku tana da wurin waɗanda aka baro a tsohon gari?" Mun ɗauka danginta take nufi da suka ƙi tashi. Ashe mahaifiyarta ce da 'ya'yanta biyu, waɗanda ke kwance a makabartar da ruwa ya ci. Daga ranar muka fara aikin da za mu ba ku labarinsa.

An fara gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa. Mutum fiye da 40,000 aka tayar, Bussawa da Gungawa da Kambari da sauransu, aka gina musu Sabuwar Bussa da sababbin ƙauyuka. An ƙirga ɗakuna domin a gina madadinsu. Amma a duk ƙauyen da muka zauna, dattawa sun ce matattunsu suna can inda aka bar su.

Da farko mun bi takardu, kuma sun ba mu wahala. Borgu tana ƙarƙashin lardin Ilori a zamanin Turawa, ta shiga jihar Kwara a 1967, ta koma jihar Neja a 1991. Yawuri kuwa lardin Sakkwato ce, tana jihar Kebbi tun 1991. Saboda haka fayil ɗin ƙauye guda zai iya kasancewa a gari uku. A gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin haraji na Turawan mulki, masu ɗauke da sunayen ƙauyuka da na dagatai. Sun taimake mu gane tsohon sunan ƙauyen da aka haɗe shi da wani bayan tashi, amma ba mu ga kabari ko ɗaya a cikinsu ba. Littattafan ikilisiya ma ba su kai yadda muka zata ba. Galibi baftisma da aure aka rubuta, ba jana'iza ba, kuma wanda muka fi sa rai da shi gara ta ci rabinsa. Wannan sakacinmu ne mu ma'aikatan ikilisiya, kada mu ɗora wa kowa.

Rajistar makabartar nan tana cikin kawunan tsofaffi ne kawai. Wanda ke da shekara 15 a 1968, yau ya haura 70.

Tambayar tsoho kuma tana da hanyarta. Mun yi kuskure da farko, muka shiga da takarda muna cewa a faɗa mana sunayen mamata. Wata baba ta yi shiru, muka ce mantuwa ce. Daga baya aka nuna mana cewa ɗan farinta muke tambaya, ita kuwa ba ta faɗin sunansa ko yana raye, balle ya rasu. Ƙanwar mijinta ce ta faɗa mana a bayan ɗaki. Yanzu mukan zauna da mata biyu ko uku na gida ɗaya, mu rubuta suna da laƙabi duka. Ba ma tambayar shekara. Mukan ce, kafin 'yancin kai ne ko bayansa? Masu aikin madatsa sun zo ko tukuna? Wane ne dagaci a lokacin? Sannan mu roƙi dattijo ya zana tsohon gari a ƙasa da sanda: ga mashaya, ga kuka, ga dutse, ga makabarta. Wasu manyan ma a cikin gida aka binne su, sai an zana gidan za a tuna da su.

Daga bazara zuwa farkon damina ruwan tafki yakan ja da baya, gefen wasu kufai ya fito. Itatuwa sun mutu, amma dutse yana nan. Mun shiga kwalekwale da masunci da dattawa biyu, suka gane wurin da dutsen, muka ɗauki alamarsa da wayar hannu. Ba ma tona komai. A wurin muka tarar wani matashi yana huɗa, bai san a kan kakanninsa yake noma ba. Da liman da fasto muka koma yi masa magana, domin zuriyar ta haɗa Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya. Ya janye gonarsa ba gardama.

Kowane suna da muka samu mukan rubuta shi sau uku: ɗaya ga iyali, ɗaya ga dagaci, ɗaya ga masallaci ko ikilisiya.

Roƙonmu shi ne, duk wanda zai fita ƙidayar magidanta a bakin tafki ya ƙara shafi ɗaya na waɗanda aka baro, ya fara da gidajen da suka fi tsofaffi. Dattawa biyu da muka ce za mu koma wurinsu bayan girbi, mun koma mun tarar an yi musu jana'iza. Za mu raba samfurin shafin a bakin ƙofa in an tashi.