Zaman Makoki a Ƙasar Kurfai



A Filinge da ƙauyukan Kurfai, in aka yi rasuwa, ladan ne ke fara sanarwa bayan sallar asuba. Kafin hantsi samari sun gina kabari, malamai sun yi wa mamaci wanka da sutura. Kwana uku ba a ɗora tukunya a gidan: maƙwabta ke kawo tuwo da fura, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da ya rasu. 'Yan cin rani da ke Kwatano da Abijan su turo gudummawa, wani jaka biyu, wani biyar.

Malamai na saɓani kan sadakar bakwai da ta arba'in, wannan mu bar musu. Abin da ya dame ni shi ne bayan an naɗe tabarmi. Mai takaba na da wata 4 da kwana 10 a ɗaka, galibi da marayu, ga rumbu ya yi ƙasa. Jama'ar masallaci da suka cika ƙofar gida ran jana'iza, su ware mutum biyu su noma mata gonarta in damina ta faɗi.