Jawabi Kan Maganar Shagon Giya A Kwaya

Dattawa da 'yan'uwa 'yan ci-rani, maganar neman fili don buɗe shagon giya a Kwaya ita ta tara mu.

Mu tuna 2000. Da Kano, Katsina da Jigawa suka kafa shari'a, sai masu gidajen giya suka ƙetaro Nijar. A watan Nuwamba rikici ya ɓarke a Maraɗi, aka ƙona mashaya. Ba mu son haka a garinmu.

Saboda haka mu rubuta takarda, kowa ya sa hannu, mu kai wa perefen Magariya: kada a yanka wa mai giya fili kusa da masallaci, lakwal ko kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya taimake mu, amin.