Lambun Bayan Gida a Katabu: Noman Wata Huɗu



Bahaushe ya kasa shekara kashi huɗu, watau bazara, damina, kaka da rani, kana ya keɓe farkon rani ya kira shi hunturu ko ɗari. Wannan ɗan yanki shi ne abin magana a yau. A Katabu, kamar sauran garuruwan da ke arewa da Kogin Kaduna a kan hanyar Zariya, ruwan sama yakan ɗauke cikin Oktoba, sanyi ya shigo a Nuwamba, ya yi sallama ƙarshen Fabrairu. Kwana 120 ke nan, ko ƙasa da haka. A cikinsu ne tumatir da latas da kabeji da karas suke sakewa. Da zarar zafin Maris ya kunno kai, sai furen tumatir ya riƙa kakkaɓewa bai ƙulla ɗa ba, latas kuwa ya miƙe ya yi ɗaci.

Kira ga ma'aikaci ya yi lambu ba sabon abu ba ne. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shi a ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa, amma ta fi ƙarfafa batun ciki. Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Akawun da ya wuni a kujera, ko ɗalibin da jarrabawa ta hana shi barci, in ya sami rabin sa'a yana sunkuyo da ɗiban ruwa, jikinsa ya motsa, zuciyarsa kuma ta bar saƙe-saƙe. Tsiro ba ya karɓar gaggawa, dole mai shi ya koyi jira.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne haɗama. Yakan share fili mai faɗi, rijiya ta ja baya a Janairu, ban ruwa ya gagare shi, ya yi fushi ya watsar. Komi biyu sun isa a shekarar fari. A gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. A rufe komin da busasshiyar ciyawa don iskar hunturu kada ta shanye laima, a yi ban ruwa safe da yamma. Ruwan alwala da na wanke kayan miya duk suna da amfani. Shinge kuwa tilas ne, gama akuyar maƙwabci ba ta san zumunci ba.

Har ila yau, kada a dogara ga tumatir kaɗai. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakinsa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana halin ta-ɓaci a kansa, kuma lambun gida bai fi ƙarfinta ba.

Lissafin lokacin shi ne wannan: tumatir yakan yi kamar sati huɗu a wurin reno kafin dashe, sannan wajen wata biyu da rabi kafin ya nuna. Ashe ke nan wanda bai yafa iri ba har tsakiyar Nuwamba, girbinsa zai faɗa cikin zafi. Wanda ya makara haka, ya shuka alayyafo, wanda zafi ba ya damunsa, kuma cikin sati huɗu zuwa biyar za a fara yankansa a kai tukunya.