Amsa ta Uku: Lacca Kan Yadda Manhaja Ke Tambayar Fayil



Maganar da na zo da ita yau ƙarama ce a ido. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja, ko da ta layi ashirin ce, ya taɓa tambayar kwamfuta: fayil kaza yana nan? Sai kuma ƙanwar tambayar: abin da ke nan ɗin, fayil ne ko folda? A yawancin harsunan rubuta manhaja, laburaren da ke zuwa tare da harshen yana ba ka umarni guda wanda zai amsa da e ko a'a. Ni kuwa abin da nake so mu tsaya a kai shi ne, amsa uku gare ta, kuma ta ukun ce laburare da yawa suke binnewa.

Ka aiki yaro gidan maƙwabci ya dubo ko maigidan yana nan. Yaro ya tarar da ƙofar zaure a garƙame, ya juyo ya ce maka ba ya nan. Bai ga maigidan ba, gaskiya ne, amma bai shiga ba balle ya duba. Abin da ya kamata ya ce shi ne: ban samu shiga ba. Kai kuma da ka ji "ba ya nan", sai ka yanke shawara a kan labarin da ba wanda ya tabbatar.

Bari mu sauka ƙasa mu ga abin da ke faruwa. A Unix da zuriyarta, wato Linux da macOS da sauransu, laburare ba ya ganin faifan ajiya da kansa. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta yake tambaya, ta wani kira mai suna stat, wanda yake nan tun farkon shekarun 1970 a Bell Labs, aka kuma shigar da shi ƙa'idar POSIX da ta fara fitowa a 1988. Idan stat ya yi nasara, zai kawo maka girman fayil, da mai shi, da lokacin da aka taɓa shi, da nau'insa. Idan ya gaza, zai dawo da -1, ya ajiye dalilin gazawar a wata lamba da ake kira errno. Duk laccar nan a kan wannan lamba take.

Lamba 2, mai suna ENOENT, ita ce "babu" ta gaskiya: an duba, ba a sami wannan suna ba. Lamba 13, EACCES, cewa take ba a ba ka izinin ratsa ɗaya daga cikin foldojin da ke kan hanya ba. Ku lura, stat ba ya buƙatar izinin karanta fayil ɗin kansa, izinin wucewa ta kowace folda daga tushe har zuwa inda yake shi ne sharaɗi. Lamba 5, EIO, na'urar ce ta kasa amsawa, ko faifai ya fara lalacewa, ko filash ta motsa a raminta. ELOOP na zuwa ne idan fayilolin nuni, waɗanda ba komai a cikinsu sai adireshin wani fayil, sun yi ta miƙa ka ga juna, har Linux ta ƙirga 40 ta haƙura. ESTALE ta masu ajiya a wata kwamfuta ce ta hanyar NFS, idan abin da kake riƙe da shi ya tsufa a wajen saba. EOVERFLOW kuwa tsohuwar manhaja mai bit 32 ce ta ci karo da fayil da ya wuce gigabait 2: fayil yana nan, girmansa ne ya fi ƙarfin gurbin da aka tanada. Akwai ma ENAMETOOLONG, don a tsarin ajiya irin ext4 suna ba ya wuce bait 255, kuma mu masu rubuta ɓ da ɗ da ƙ mu sani kowannensu bait biyu yake ci a UTF-8.

A cikin duk waɗannan, ɗaya ce tak take nufin babu. Sauran cewa suke ba a samu dubawa ba. To, me laburare ke yi da su?

A Python, os.path.exists yana kiran stat, idan kowane irin kuskure ya taso daga babbar manhaja, sai ya haɗiye shi ya ce maka a'a. Takardun bayanin Python ba su ɓoye wannan ba, sun faɗa cewa rashin izini na iya sa a ce babu alhali fayil yana nan. Amma wa yake komawa takardun bayani a kan umarnin da sunansa kaɗai ya isa bayani? A Node.js, tsohon fs.exists shi ma e ko a'a kawai yake miƙowa, ba shi da gurbin kuskure kamar sauran 'yan uwansa, kuma wannan ne ya sa aka daɗe da ayyana shi cikin waɗanda ake so a daina amfani da su. Path::exists na Rust ma haka yake, duk da cewa harshen ya yi suna wajen tilasta wa mutum kula da kuskure.

Wasu sun ga ramin, sun yi ƙoƙarin cike shi. Java 7, a 2011, ta kawo umarni biyu, Files.exists da Files.notExists. Wanda bai sani ba zai ce maimaici ne. Ba maimaici ba ne: idan dukansu biyu suka ce a'a, to ba a iya tantancewa ba ke nan. Dabarar ta yi, sai dai tana buƙatar tambaya biyu, kuma mutane kaɗan ne ke yin ta biyun. C++17 ta ba da zaɓi, ko umarnin ya katse aiki ya sanar da kuskure, ko ka ba shi wurin da zai ajiye maka lambarsa. Go ta ƙi samar da umarnin exists kwata-kwata: ka kira os.Stat, ka karɓi kuskuren da hannunka, ka tambaya ko irin na "babu" ne. Rust kuma ta dawo ta gyara, a siga ta 1.63, shekarar 2022, ta tabbatar da try_exists, wanda yake dawo da e, ko a'a, ko kuskure tare da dalilinsa. A ganina wannan ne ya fi dacewa da gaskiyar lamarin, domin siffar amsar kanta tana hana ka mantawa da ta ukun.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da Python ta bi daga baya. Laburaren pathlib, wanda ya shigo a siga ta 3.4, ya daɗe yana haɗiye wasu kurakurai yana barin wasu su fito, har da na rashin izini. A siga ta 3.14 sai aka daidaita shi da os.path: yanzu exists da is_file da is_dir duk a'a suke cewa a kan kowane kuskure na babbar manhaja, mai son dalili ya kira stat da kansa. Na fahimci hujjarsu. Umarni biyu masu suna ɗaya a harshe ɗaya, kowanne da halinsa, abin ruɗani ne. Amma da ni ne, da na so a daidaita su ta ɗaya ɓangaren, ko a ƙara wani umarni mai amsa uku. Manhajar da a da take tsayawa ta ce an hana ta shiga, yanzu za ta wuce shiru, kuma mai ita bai canza ko layi ɗaya ba.

Wani zai ce, Malam, ina ɓarnar take? Ga ta. Manhaja ta tashi, ta duba fayil ɗin saitinta, aka ce babu, sai ta kama aiki da saitin asali. Fayil ɗin kuwa yana nan, da duk ƙa'idojin tsaron da mai kula da saba ya rubuta, izinin folda ne kawai ya canza. Ba wanda zai ga saƙon kuskure, domin a wajen manhajar ba a yi kuskure ba. Ko kuma wadda aka rubuta da cewa idan babu rumbun bayanai, a ƙirƙiri sabo. Idan matsalar ta izini ce, galibi ƙirƙirar ma za ta gaza, ka tsira da saƙo mai ɓatar da kai. Amma idan matsalar ta ɗan lokaci ce, netwok ya yanke na daƙiƙa biyu ya dawo, to tambaya ta gaza, ƙirƙira ta yi nasara, an buɗe tsohon fayil an share cikinsa. Sakamakon ɗalibai ne, ko lissafin albashi, ko bayanan marasa lafiya. A nan inda ɗauke wuta da yankewar netwok abin yau da kullum ne, kuskuren da marubucin laburare ya ɗauka sai jefi-jefi, mu kusan kowane mako muna iya haɗuwa da shi.

Masu rubuta manhajar kwafin ajiya, ku saurara da kyau. Umarnin os.walk na Python, wanda yake zagaya folda da 'ya'yanta, idan ya kasa buɗe wata folda, tsallake ta yake yi ba tare da ya ce uffan ba, sai fa idan ka ba shi abin da zai kira ta gurbin onerror. Kwafin zai kammala, rahoto ya ce lafiya lau, ranar da aka nemi abin da ke cikin waccan folda a tarar ba a taɓa kwafe shi ba.

Batun nau'i ya fi na samuwa sarƙaƙiya, domin a nan a'a ɗaya tana ɗauke da ma'ana uku: babu abin, ko yana nan amma wani iri ne, ko ba a iya dubawa ba. Kuma iri ba biyu ba ne. POSIX ta san guda bakwai: fayil na yau da kullum, folda, fayil ɗin nuni, bututun FIFO, soket, da na'urori iri biyu. Wanda ya rubuta "idan ba folda ba ne to fayil ne, a karanta" zai iya buɗe bututu, manhajarsa ta tsaya cak tana jiran mai rubutu da ba zai zo ba, ko ya kama karanta /dev/zero wanda ba ya ƙarewa. Fayil ɗin nuni kuma nasa daban ne: stat yana bin nunin har inda ya kai, lstat yana tsayawa a kan manunin kansa. Idan abin da ake nunawa ya ɓace, exists zai ce babu, amma ka zo ƙirƙirar folda da wannan suna a ce maka akwai. Dukansu gaskiya suka faɗa, tambayoyin ne suka bambanta.

Akwai ma inda masana ba su haɗu ba. Idan ka nemi wani abu a cikin "rahoto", alhali "rahoto" fayil ne ba folda ba, stat zai ce ENOTDIR. Python tana ƙirga wannan cikin babu, Go a kan Linux ba ta ƙirga shi. Kowanne yana da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne laburare ya yanke irin wannan hukunci bai rubuta shi inda za a gani ba.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan nauyi. Ko da laburare ya ba ka amsa sahihiya, amsar ta lokacin da aka duba ce. Tsakanin dubawa da buɗewa, wata manhaja na iya goge fayil ɗin, ko ta musanya shi da manuni zuwa wani wuri. Matt Bishop da Michael Dilger sun yi nazarin wannan a 1996, kuma yau yana cikin jerin raunin manhaja na CWE da lamba 367. Sanannen misalinsa manhaja ce mai ikon shugaba, wadda take kiran access ta tabbatar mai amfani yana da izini, sannan ta kira open. A ɗan tsakanin nan maharin yake sauya fayil ɗin da manuni zuwa fayil ɗin kalmomin sirri, manhajar ta rubuta masa da ikonta.

Maganinsa shi ne ka daina tambaya kafin aiki a inda aikin kansa zai ba ka amsa. Kana son karantawa? Buɗe, ka kama kuskuren. Tun siga ta 3.3, a 2012, Python ta raba kurakuran gida-gida, akwai FileNotFoundError, akwai PermissionError, akwai IsADirectoryError, don haka za ka iya kama na "babu" kaɗai ka bar sauran su fito fili. Kana son ƙirƙira ba tare da taka na wani ba? Haɗa O_CREAT da O_EXCL, ko harafin x a Python, babbar manhaja za ta yi dubawa da ƙirƙira a taki ɗaya. Kana son sanin nau'i? Buɗe tukuna, sannan ka kira fstat a kan abin da ke hannunka, domin suna yana iya komawa kan wani abu, abin da ka riga ka buɗe kuwa ba ya sauyawa.

Ba na cewa a jefar da exists. Inda kuskuren amsa ba zai ci komai ba, kamar nuna alama a allo ko ba da shawarar suna, a yi amfani da shi hankali kwance. Iyakar da nake ja ita ce: duk inda "babu" za ta kai ga rubutawa, ko gogewa, ko tsallake wani mataki na tsaro, to e ko a'a ba ta isa ba.

Ku da za ku rubuta wa wasu laburare, nauyin ya fi yawa a kanku, domin mai amfani ba zai iya dawo da dalilin da kuka riga kuka zubar ba. Ku sa umarni mai amsa uku ya zama shi ne mai gajeren suna, wanda hannu zai fara kaiwa gare shi. Idan kuskure ya fito, ya zo da adireshin fayil da lambar asali. Ku faɗa ko kuna bin manuni ko ba kwa bi. A gwajinku kuma ku cire izinin folda ku gani, ku karya manuni ku gani, kuma kada ku yi gwajin da asusun root, wato mai ikon shugaba, domin shi galibi ba a hana shi shiga, da wuya EACCES ta bayyana masa.

Saura abu ɗaya da ko amsa uku ba ta kamawa. Idan faifan waje ko ma'ajiyar netwok ba ta hau ba bayan wuta ta dawo, foldar da ake ɗora ta a kai tana nan, fanko. Ka tambayi fayil a ciki, stat zai ce ENOENT, kuma bai yi ƙarya ba. Manhajar da ke daidaita folda biyu za ta iya ɗauka an goge komai da gangan, ta bi ɗaya ɓangaren ta goge. Laburare ba shi da yadda zai san wannan, sai kai mai manhaja: ka tabbatar ma'ajiyar ta hau ta hanyar os.path.ismount ko makamancinsa, ko ka ajiye wani ɗan fayil na shaida a cikinta, wanda idan ba a gan shi ba, aiki ya tsaya a kira mutum ya duba.

A nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.